Zama mai karɓar samfurin fitsari na gwajin ƙwaya a Amurka: wane horo ne na gaskiya?

Tambaya: "Assalamu alaikum Anti. Ina zaune a jihar Ohio, ina aiki a gidan kula da tsofaffi. Na ga talla a intanet cewa cikin yini ɗaya mutum zai samu satifiket na DOT, ya fara karɓar fitsarin direbobi da sauran ma'aikata don gwajin ƙwaya. Ni ba nas ba ce. Shin gwamnati ce ke ba da wannan satifiket? Mace za ta iya karɓar na maza? Kuma in Allah ya sa na koma gida Najeriya, zai yi mini amfani?"

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Kina son sanin ko takardar da ake tallatawa tana da tushe, ko kasancewarki mace zai hana ki aikin, da kuma ko abin zai bi ki gida. Na daɗe ina wannan aiki a wani asibitin duba lafiyar ma'aikata, daga baya na koma horar da sababbi, don haka zan fi daɗewa a kan ta farko, domin a nan ne ake cin kuɗin mutane a banza.

Aikin na gaskiya ne, kuma ba sai kin zama nas ba. Amma Ma'aikatar Sufuri ta Amurka, wato DOT, ba ta ba kowa satifiket ko lasisin karɓar samfur, ba ta kuma da wata makaranta da ta ce ita ce tata. Abin da ta yi shi ne ta rubuta sharuɗɗa a cikin dokar da masu aikin ke kira Part 40, cikakken sunanta 49 CFR Part 40. Duk wanda ya cika sharuɗɗan, yana da shaidar cikawa a rubuce, ya cancanta. Takardar da kamfanin horarwa zai ba ki tasa ce, darajarta kuwa ta dogara ne kacokan a kan ko an yi miki abin da dokar ta ce a yi.

Abin da ya kawo dokar

A ranar 4 ga Janairun 1987, a wani wuri da ake kira Chase a jihar Maryland, kawunan jirgin ƙasa na kamfanin Conrail suka wuce alamar tsayawa, jirgin fasinja na Amtrak ya afka musu, mutum 16 suka rasu. Bincike ya nuna direban Conrail ya sha tabar wiwi. Wannan haɗari, da wasu da suka biyo baya, su suka sa majalisar dokoki ta yi dokar 1991 da ta wajabta gwajin ƙwaya da barasa ga ma'aikatan sufuri masu riƙe da rayukan jama'a. A yau ta shafi direbobin tirela da na bas, matuƙa jirgin sama da kanikawansu, ma'aikatan jirgin ƙasa, na bututun mai da iskar gas, da na jiragen ruwa. Ana gwada su kafin a ɗauke su aiki, da lokacin da sunansu ya fito a ƙuri'ar ba-zata, da bayan haɗari, da lokacin da aka ga alamar maye, da kuma sa'ad da wanda ya taɓa faɗuwa zai dawo bakin aiki.

Ki riƙe wannan, domin shi ne dalilin tsananin da za ki gani a gaba. Tun Janairun 2020 akwai rumbun bayanai na ƙasa da ake shigar da sunan duk direban babbar mota da ya faɗi gwaji ko ya ƙi yi, kuma kowane kamfani sai ya duba shi kafin ya ɗauki direba. Ke nan kwalbar da ke hannunki tana iya raba magidanci da abincinsa, tana kuma iya barin mashayi a kan titi da tirela cike da kaya in aka soke gwajin saboda sakacin mai karɓa.

Horon da doka ta ce

Sashe na 40.33 shi ne naki, ki karanta shi da kanki, kyauta ne a shafin DOT. Farko ana so ki san dokar da littafin jagoran karɓar fitsari da ma'aikatar ta fitar, ki kuma yi rajistar samun saƙonnin imel na ofishinta mai kula da harkar ƙwaya da barasa, ODAPC, don ki riƙa jin canje-canje. Sai darasi: matakan karɓa daga farko zuwa ƙarshe, cike fom, yadda ake yi in matsala ta taso, kurakuran da ke kashe gwaji da waɗanda ake iya gyarawa, da nauyin da ke kanki na tsare samfur da mutuncin ma'aikaci. Wannan ɓangaren ana iya yinsa a aji, ko ta bidiyo, ko a intanet, kuma gaskiya ne yana iya ƙarewa cikin 'yan sa'o'i. A nan mai talla bai yi ƙarya ba.

Inda ake rufe wa mutane ido shi ne mataki na gaba. Bayan darasi, dole ki yi atisaye, wato kwaikwayon karɓar samfur, guda 5 a jere ba tare da kuskure ko ɗaya ba, a gaban wanda ya cancanta yana kallonki. Biyu daga ciki karɓa ce da ba ta da matsala. Ɗaya, fitsarin bai kai adadi ba. Ɗaya, ɗumin fitsarin ya saɓa wa ma'auni. Ɗaya kuma, ma'aikaci ya ƙi sa hannu a fom, ya ƙi rubuta haruffan sunansa a kan hatimin kwalba. In kika yi huɗu lafiya kika tafka kuskure a na biyar, jerin ya karye. Mai kallon kuma ba kowa ba ne: dole shi ma ƙwararren mai karɓa ne, wanda ko dai ya yi aƙalla shekara ɗaya yana karɓar samfurin DOT a kai a kai, ko ya yi shekara yana horarwa, ko ya kammala kwas na horar da masu horarwa. Zai iya kasancewa tare da ke a ɗaki, ko ta bidiyo kai tsaye inda yake ganinki kina ganinsa kuna magana. Bidiyon da kika ɗauka kika aika masa daga baya bai wadatar ba. A ƙarshe zai rubuta ya sa hannu cewa atisayen biyar sun tafi babu kuskure.

Wannan sa hannun shi ne ainihin abin da kike saye. Na sha ganin mutane sun zo neman aiki da satifiket mai ado da tambari, in na ce ina takardar atisayenki, sai ka ga ba su ma san da zancen ba. Sun biya kuɗin darasi kawai, an bar su a rabin hanya. Wanda bai yi atisayen ba bai halatta ya taɓa samfurin DOT ko ɗaya ba. Saboda haka kafin ki biya ko sisi, ki tambaye su a rubuce: kuɗin ya haɗa da atisaye biyar? Wa zai kalle ni, kuma da wanne daga sharuɗɗan uku ya cancanta? Za ku aiko mini da kofuna da kwalabe da fom na gwaji? Wanda ya fara kame-kame, ki bar shi. Wanda kuma ya ce miki DOT ta amince da kwas ɗinsa, ya faɗi abin da babu shi, ni ba zan amince da sauran maganarsa ba.

Shawarata ma, tunda kina harkar lafiya, ki fara neman aiki a asibitocin duba ma'aikata ko cibiyoyin ɗiban jini. Da yawa sukan horar da nasu ma'aikatan, ga shi za ki tsaya kusa da tsohon hannu kina gani. Atisaye biyar shi ne mafi ƙaranci da doka ta yarda da shi, ba shi ne ƙwarewa ba.

Cancantar ba ta har abada ba ce. Duk shekara 5 sai an sake darasin da atisayen biyar gaba ɗaya. Idan kuma kuskurenki ya sa aka soke gwaji, kina da kwana 30 daga ranar da aka sanar da ke ki yi horon gyara, tare da atisaye 3 a jere marasa kuskure, ɗaya na yau da kullum, biyu a kan abin da kika ɓata. Takardun nan duka ke ce za ki adana su, domin mai binciken gwamnati ko kamfanin da kike yi wa aiki na da ikon cewa ki nuna.

Yadda aikin yake a ɗaki

Kafin mutum ya shigo kin riga kin gyara bayan gida: kin kashe famfo ko kin liƙe shi, kin zuba shuɗi irin na bula a ruwan masai da tankinsa, kin kwashe sabulu da duk wani maganin wanki, kin duba kwandon shara da rufi da duk inda za a iya ɓoye abu. Ya nuna katin shaida mai hoto, na asali, ba kwafi ba. Ya tuɓe kwat ko rigar sanyi, ya ajiye jaka, ya fito da abin da ke aljihunsa ki gani, ya wanke hannu. Sai a buɗe sabon kofi a gabansa, ya shiga shi kaɗai ya rufe ƙofa, kin gaya masa kada ya kora ruwa.

Ana bukatar aƙalla mililita 45 daga fitsari ɗaya. Cikin minti 4 da ya miƙo miki za ki karanta ɗumin a jikin kofin, dole ya faɗa tsakanin digiri 32 da 38 a ma'aunin Salshiyas, wato 90 zuwa 100 a na Amurka. Ki dubi launi da wari da kumfa. Sannan ke, ba shi ba, za ki zuba mililita 30 a kwalbar A, 15 a kwalbar B, ki liƙa hatimi, ki rubuta kwanan wata, shi kuma ya sa haruffan sunansa, duk a kan idonsa. Kwalbar B ita ce garkuwar ma'aikaci: in sakamako ya fito da matsala, yana da sa'a 72 daga lokacin da likita ya sanar da shi ya nemi a kai ta wani ɗakin gwaje-gwaje dabam. Fom ɗin, wanda ake kira CCF, yana da kwafi 5: na ɗakin gwaji, na likitan da ke tantance sakamako wato MRO, naki, na kamfani, da na ma'aikaci. Samfur da kwafin likita da na kamfani su bar hannunki cikin sa'a 24 ko ranar aiki ta gaba, naki kuma ki ajiye aƙalla kwana 30.

Ki lura, babu inda na ce za ki gwada fitsarin. Kofunan nan masu nuna sakamako nan take ba a yarda da su a gwajin DOT ba, sai ɗakin gwajin da Ma'aikatar Lafiya ta tarayya ta tantance. Ba ki da hurumin tambayar mutum magungunan da yake sha, balle ki rubuta su a fom. Wannan tsakaninsa da MRO ne. In ya matsa yana son ya gaya miki, ki ce ya rubuta wa kansa a bayan kwafinsa don tuni. Abin da ake nema dai wiwi ne, da hodar ibilis, da dangin amfetamin, da wata ƙwayar maye da ake kira PCP, da dangin ofiyom irin su kodin da mofin da heroin, sannan tun Janairun 2018 aka ƙara wasu magungunan kashe ciwo kamar oxycodone da hydrocodone. Tiramadol da ya addabi matasanmu a gida ba ya cikin jerin na DOT, amma kodin yana ciki, don haka duk direban da ya zo da maganin tari daga gida ba tare da takardar likita ba yana wasa da aikinsa.

Kurakuran da ke kashe gwaji ba su da yawa, kuma kusan duk na gaggawa ne: lambar da ke kan kwalba ta saɓa da ta fom, hatimi ya yage, babu sunan mai karɓa kuma babu sa hannunsa, ko fitsarin da ke kwalbar A bai isa a gwada ba. Shi ya sa doka ta ce mutum ɗaya ake yi wa a lokaci ɗaya. Ko layi ya kai bakin titi, ko ana ta ƙorafi, kada ki buɗe kofi na biyu kafin ki rufe jakar na farko.

Mace da samfurin maza

Za ki iya, kuma mata sun yi yawa a wannan aiki. A karɓa ta yau da kullum mutum shi kaɗai yake shiga, ke kina waje. Inda jinsi ke shigowa shi ne karɓa ta ido-da-ido. Ana yinta in ɗumi ya saɓa, ko aka ga alamar an gurɓata samfur, ko aka kama mutum da abin maguɗi, ko MRO ya ba da umarni, da kuma duk gwajin dawowa aiki da na bibiya bayansa. A nan sai mai kallo ya shiga, ma'aikaci ya ɗaga riga sama da cibiya, ya sauke wando zuwa tsakiyar cinya, ya juya a tabbatar babu wata na'ura a jikinsa, sannan a ga fitsarin yana fita daga jiki zuwa kofi. Mai kallon dole jinsinsu ɗaya da ma'aikacin, ko da likita ce ba a ɗaga mata ƙafa ba. Ba lallai ne ya zama horarren mai karɓa ba, ke za ki yi masa bayani ki rubuta sunansa a fom. Don haka in za ki yi aiki ke kaɗai, ko ki riƙa zuwa garejin kamfanoni, ki tanadi namijin da za ki kira tun kafin bukata ta taso.

Abu ne mai nauyi ga kowa, balle ga mai kunya irin tamu. Na ga dattawa da hawaye a ido. Abin da na koya shi ne a faɗa wa mutum dalili a fili, cikin murya ƙasa-ƙasa, ba a gaban jama'a ba, ba kuma da fuskar tuhuma ba. Ɗumi yana iya saɓawa ba tare da maguɗi ba. Naki shi ne ki kammala na farkon, ki karɓi na biyu nan take da mai kallo, ki aika duka biyun, ki rubuta abin da kika gani kawai.

Sai ki kiyaye wani abu da ya shafe mu musamman, mu da muke zaune a ƙananan al'ummu kowa ya san kowa. Doka ta hana ki karɓi samfurin miji, ko ɗan'uwa, ko amini na kusa. Ranar da ɗan garinku zai shigo ya ce "Hajiya, a taimaka," taimakon da za ki yi masa shi ne ki miƙa shi ga wani mai karɓa in kusancinku ya kai haka, in bai kai ba ki bi matakan yadda suke.

Azumi, tsarki da ɗankwali

Waɗannan ba kasafai malaman kwas ke taɓa su ba, ke kuwa za ki gamu da su. In mutum ya kasa kawo mililita 45, za ki zubar da ɗan abin da ya kawo, sai fa in ɗuminsa ya saɓa ko akwai alamar maguɗi. Ba a taɓa haɗa fitsari biyu don a cika adadi. Ki rubuta lokaci, ki ba shi ruwa har zuwa oza 40, kimanin lita 1.2, a rarrabe cikin sa'a 3, yana zaune inda ake ganinsa. To ga direba mai azumi a watan Ramadan, da la'asar, jiki ya bushe. Ƙin shan ruwa ba a lissafa shi ƙin gwaji, wannan dokar ta faɗa ƙarara, kuma ya kamata ki gaya masa don hankalinsa ya kwanta. Amma ki gaya masa sauran gaskiyar: in sa'a 3 ta cika babu samfur, za a dakatar, a sanar da kamfani, a ba shi kwana 5 ya ga likita, kuma faɗin cewa ƙishirwa ce kawai ba tare da hujjar likita ba ba ya cikin uzurin da ake karɓa. In ba a samu dalilin lafiya ba, sai a rubuta ya ƙi gwaji, hukuncinsa kuwa daidai da na wanda aka samu da ƙwaya. In ya tashi ya tafi kafin a gama, nan ma haka abin yakan ƙare. Ke ba mai fatawa ba ce, ko zai karya azumi ko ba zai karya ba tsakaninsa da malaminsa ne, amma haƙƙinsa ne ya san abin da ke gabansa kafin ya zaɓa.

Tsarki ma haka. Musulmi zai nemi ruwa ko buta, ke kuma ba za ki bar ruwa ya shiga ɗakin ba. Ni nakan faɗa tun kafin ya shiga cewa ga takardar bayan gida, in mun rufe kwalabe ya sa hannu zan buɗe masa famfo ya koma ya yi tsarkinsa a tsanake. Ban taɓa ganin wanda wannan bayanin bai gamsar ba. Hula ko ɗankwali ko hijabin da mutum ya sa don addini kuwa, littafin jagoran ya ba ki damar ƙyale shi, sai in kin ga wata alama a zahiri cewa an ɓoye abu a ciki.

Iyakar abin da takardar ke ba ki

Horon fitsari bai ba ki izinin gwajin barasa ta numfashi ba, wannan kwas ne dabam, kuma yana da kyau ki haɗa su domin kamfanoni sun fi son mai yin duka biyun. Dokar 2023 ta buɗe ƙofar gwaji da yawu, bisa sharaɗin a samu ɗakunan gwaji biyu da aka tantance, shi ma da nasa horon da atisayensa. Sannan gwaje-gwajen kamfanonin da ba sa ƙarƙashin DOT, kamar shaguna da masana'antu, dokokin jihohi da tsarin kamfani ke tafiyar da su, da fom dabam, kuma ba a haɗa su da na tarayya a kofi ɗaya. Ni mai karɓa ce kuma mai horarwa, ba lauya ba ce. In za ki buɗe naki kamfanin, batun rajista da inshora ki kai shi ga masu wannan fannin a jiharki, dokar Part 40 kuma ki riƙa duba sabon rubutunta domin ana yi mata gyara lokaci zuwa lokaci.

Game da gida, dokar DOT ba ta da iko a Najeriya, don haka takardar ba lasisi ba ce a can. Aikin ɗakin gwaje-gwaje yana da tasa majalisar da ke kula da shi, MLSCN, kuma hukumar NDLEA ce ke kan gaba wajen kiran a riƙa gwajin ƙwaya ga ma'aikata da ɗalibai. Abin da zai bi ki shi ne iya aikin: tabbatar da wane ne ya ba da samfur, raba shi kwalba biyu, liƙe shi a gaban mai shi, da rubuta duk hannun da ya bi. Kamfanin mai ko na sufuri da ke gwada ma'aikatansa yana bukatar wanda ya iya wannan, kuma za ki iya nuna musu takardar atisayenki a matsayin shaidar gogewa. Sai ki ajiye ta da kyau, asali da kwafi, tare da suna da shaidar cancantar wanda ya kalle ki, domin kamfanonin horarwa sukan rufe, kuma bayan shekaru ba lallai ki same su su sake ba ki wata ba.